Zuwa taron manhajar kasuwanci a Brussels ba tare da gida ya rikice ba

Ranar da na gaya wa uwargida cewa kamfani zai tura ni Beljiyam taron manhaja, ba ta tambaye ni abin da zan koyo ba. Cewa ta yi, "To Maigida, wa zai riƙa kai yara makaranta? Tattabarun naka kuma wa ka bar wa?" Ban da amsar ko ɗaya, kuma tafiyar saura wata biyu. Tun daga nan na gane cewa kwana ukun da ake yi a zauren taro su ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Aikin gaske yana gida da ofis, kafin a tashi da kuma bayan an dawo.

Ni ma'aikacin lissafi ne a wani kamfanin sarin kayan masarufi a Kano, kuma da yake ni na fi kowa haƙuri da kwamfuta, kula da manhajar da muke tafiyar da sito da ciniki ya faɗo kaina. Odoo muke amfani da ita, shi ya sa zan ɗauki taronta misali. Wanda zai je Dreamforce na kamfanin Salesforce a San Francisco, ko GITEX a Dubai, ko ɗan uwansa na Afirka da aka fara a Marrakesh a 2023, zai ga yawancin matakan ɗaya ne, biza da yanayi ne kawai suka bambanta.

Ka fara sanin taron da za ka

Odoo kamfanin Beljiyam ne. Fabien Pinckaers ya fara manhajar a 2005 da sunan TinyERP, ta koma OpenERP, sannan a 2014 ta ɗauki sunan da take da shi yanzu. Irin manhajar nan ce da ake kira ERP, wato wadda ke haɗa saye da sayarwa da sito da lissafi da albashi wuri ɗaya, ta yadda katan ɗaya ba zai fita daga sito ba sai littafin kuɗi ya sani. Tana da fuska biyu: Community, wadda kyauta ce kowa na iya ɗorawa a kan na'urarsa, da Enterprise, wadda ake biya gwargwadon yawan masu amfani.

Taron shekara-shekara, Odoo Experience, ana yin sa kwana uku a Brussels Expo, kuma a wurin ake fitar da sabon zubin manhajar. Zubi na 17 ya fito a Nuwamban 2023, na 18 a Oktoban 2024, na 19 a Satumban 2025. Ka lura watan yana motsi, don haka kada ka ɗauka ranar bara ita ce ta bana. Akwai tikitin shiga na kyauta, akwai na kuɗi mai haɗe da abinci, akwai kuma azuzuwan horo na kwana biyu kafin taron, su ma na kuɗi. A ganina, in kai ne mai taɓa manhajar da hannunka kullum, azuzuwan nan sun fi taron kansa amfani, domin jawaban taron ana ɗora su a YouTube daga baya, amma damar zama gaban malami kana tambaya ba ta zuwa YouTube.

Wannan ya kawo tambayar da ya kamata ka yi wa kanka tsakani da Allah: me zan samu a can wanda ba zan samu ina zaune a shago da data ta dubu biyu ba? In amsar ita ce "jawabai", ka zauna gida ka adana kuɗin kamfani. In kuwa kana da matsalar da ta fi ƙarfin wanda ya ɗora muku manhajar, ko za ku kashe miliyoyi wajen sauya tsari kuma kana son ganin mutanen ido da ido, to zuwa da kai ya fi aike.

Tattara tambayoyi daga bakin masu aikin

Wata uku kafin tafiya, ɗauki ƙaramin littafi ka zagaya. Kada ka fara da ofishin manaja. Fara da mai sito, sannan mai karɓar kuɗi, sannan direbobin da ke kai kaya ƙauyuka, ka tambayi kowa abu ɗaya: a ina manhajar nan take ɓata maka rai? Za ka ji abin da ba ka taɓa ji ba. Mai sitonmu ya ce mini, "Yallaɓai, muna sayen sabulu da katan, muna sayarwa da dozin, wani lokaci da ɗai-ɗai, ita kuwa kwamfutar kullum sai ta nuna saura rabin katan da babu shi a ƙasa." Wata takwas yana gyara wannan da biro a bayan rasit bai gaya wa kowa ba.

Tambayoyin da na tafi da su sun kai goma sha biyu, amma huɗu ne masu nauyi. Na farko wannan batun awo, katan da dozin da ɗaya. Na biyu bashi: dillalanmu suna ɗaukar kaya su biya kashi-kashi, wani ta banki, wani tsaba, wani ya aiko yaro da rabin kuɗi, ya za a sa manhajar ta hana wanda ya wuce iyakarsa ɗaukar sabon kaya ba tare da an kunyata shi gaban mutane ba? Na uku, in intanet ta ɗauke ana tsakiyar ciniki, me ke faruwa da rasitan da aka buga, kuma yaushe suke shiga babban littafi? Na huɗu haraji: harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ake karɓa a Najeriya tun Fabrairun 2020, da kayan da aka yafe musu shi, da harajin da ake cirewa tun daga tushe. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi tasu tambayar daban ce, domin littattafansu kan tsarin lissafi na SYSCOHADA suke tafiya, don haka su nemi rumfunan masu aiki da ƙasashen da ke magana da Faransanci.

Kowace tambaya ka haɗa ta da hoton fuskar kwamfuta inda matsalar ta bayyana, ka goge sunayen abokan ciniki da adadin kuɗi na gaske. Ka rubuta lambar zubin da kuke kai, da ko Community ce ko Enterprise, da inda aka ajiye bayananku, da jerin duk wani ƙari da wani ya rubuta muku na musamman. Wannan shi ne abin da kowane ƙwararre zai fara tambayarka, kuma abin kunya ne ka ƙetare hamada da teku ka tsaya kana cewa bari ka kira ofis.

Da wannan littafin za ka shiga wurin mai kamfani. Alhajinmu ba ruwansa da sabon zubi. Da na ce masa ana ɓatar da kaya a lissafi duk wata saboda batun katan, kuma ga kimar abin, nan take ya ce a yanki tikiti. Ku yi magana a fili kan wa zai biya me: jirgi, masauki, biza, inshora, abinci, da ko kwanakin tafiyar za a cire su daga hutunka. A rubuta, ko da saƙon waya ne.

Biza

Ba a fafe gora ranar tafiya. Beljiyam tana cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma doka ta ba ka damar neman biza tun wata shida kafin tafiya, ba a kuma so ka wuce kwana 15 kafin ranar tashi. Yawanci suna yanke hukunci cikin kwana 15, amma suna iya kai wa 45. Matsalar da ta fi kowace ita ce samun ranar ganawa, musamman daga Yuli zuwa Satumba lokacin da ɗalibai ke tururuwa. Da zarar an sanar da ranar taro, yi rajista, nemi takardar gayyata daga masu taron, ka kama layi.

Kuɗin bizar Yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Za a nemi fasfo mai sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowarka da shafi biyu babu komai, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da shaidar masauki da ta jirgi, da bayanan asusun banki, da wasiƙar wurin aiki mai faɗin muƙaminka da wanda ya ɗauki nauyi da ranar da za ka koma bakin aiki. Abin da suke son gani shi ne dalilin da zai dawo da kai, don haka takardar aure da ta haihuwar yara suna da amfani. Kada ka bari wani ya zuba maka kuɗi mai yawa a asusu ana saura mako guda don ya yi kyan gani, sun san wannan dabarar sarai. Zanen yatsun da za su ɗauka yana aiki har wata 59, wato zuwa na biyu ya fi sauƙi. Kada kuma ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito.

Gida

Nan ne na fi so mu daɗe. Taron yakan faɗa kusa da lokacin da yara ke komawa sabuwar shekarar karatu: kuɗin makaranta, littattafai, sabon yunifom, takalmin da ya matse. Mako guda za ka yi, amma in ka tafi ka bar waɗannan a rataye, kowace yamma wayarka za ta zama kotu. Biya abin da za ka iya biya kafin ka tashi, wanda ya rage ka je makarantar da kanka ka yi magana.

Zauna da matarka da takarda da biro, ku bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Ba wai don ba ta san gidanta ba, ta fi ka sani. Dalilin shi ne akwai ayyukan da kai kake yi ba tare da ka lura kana yi ba, sai ranar da ba ka nan suke fitowa. Ni sai da muka zauna na tuna cewa ni kaɗai na san yadda ake loda katin mita, ni nake kiran mai ruwa, ni nake juya janareta in ta ƙi tashi, kuma ni nake karɓo wa Hajiya maganin hawan jini duk ƙarshen wata. Kowanne sai da muka sa masa suna: wannan ƙanena, wannan maƙwabci, wannan ita da kanta bayan na nuna mata sau biyu. Na cika tukunyar gas, na sayi shinkafa da mai da abin da ba ya lalacewa, na loda mita fiye da yadda aka saba.

Kuɗin cefane kuwa a hannunta ko a asusunta za ka bar shi, cikakke, da ƙari na ko-ta-kwana wanda zai isa kai yaro asibiti da dare. Kada ka ce za ka riƙa turowa daga can. Manhajar banki takan nemi lambar da ake aikowa ta layin gida, layin kuma ya ƙi aiki a Turai, sai ka wayi gari kana da kuɗi amma gidanka babu. Wannan ya faru da ni a rana ta biyu, kuma ƙanena ne ya rufa asiri. Kada ka kuma ba wani ɗan uwa kuɗin ka ce ta riƙa tambayarsa, wannan hanyar ɓata zumunci ce. Mai mata fiye da ɗaya ya san akwai maganar kwana da za a daidaita tun kafin tafiya, kada a bar ta sai an dawo.

Je ka yi sallama da iyaye da ƙafarka. Da na je, Hajiya ta ce, "Allah Ya kai ka lafiya, amma ka bar wa yarinyar nan lambar wanda za ta kira." Ta yi gaskiya. Rubuta sunan otal da lambarsa da lambar abokin tafiya a takarda, ka manna a inda kowa zai gani.

Sai lokacin kira. A Satumba da yawancin Oktoba, Brussels tana gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonsu yana komawa daidai da namu. Wato bambancin ba shi da yawa, sai dai taron yana cinye yini. Tsayar da lokaci ɗaya ka riƙe shi. Ni na zaɓi bayan sallar asuba, kafin yara su fita, minti goma. Ya fi kira biyar na gaggawa daga cikin hayaniya kana cewa "ba na ji, zan sake kira". Ƙaramar 'yata ta sa na yi alkawarin hoto ɗaya kullum na abin da ba ta taɓa gani ba, kuma wannan ya riƙe ta har na dawo.

In ke ce mai tafiyar, 'yar uwa, duk abin da na faɗa ya shafe ki, da ƙari. Maganar amincewar maigida da ta wanda zai raka ki a fara ta tun kafin rajista, ba bayan biza ta fito ba. In kina da ƙananan yara, wadda za ta zauna da su ta zo kwana biyu kafin ki tashi don su saba kina nan. Ki kuma rubuta wa maigida abin da kike ɗauka kowa ya sani, kamar wane yaro ne ba ya shan wane magani da ranar da ake zuwa da kayan wasanni makaranta. Bai sani ba.

Tattabaru na bar wa babban ɗana mai shekara goma sha biyu. Mako biyu kafin tafiya na fara sa shi yana yi ina kallo: awon dawa da gero da gwangwani ɗaya, sauya ruwa safe da yamma, rufe ɗaki kafin magariba saboda muzuru, da duba wadda ta takure ba ta ci. Na ce kada ya sake su tashi sai na dawo. Duk abin da kake kiwo ko shukawa, ka'idar ɗaya ce, wanda zai riƙe ya gwada a gabanka, kuma ka rage masa aikin zuwa abin da ba zai iya kuskurewa ba.

Jaka

Kada ka sa kilishi. Na san za a ba ka, na san za ka ji nauyin ƙi, amma dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara da abin da aka yi da su daga waje, ko dambun nama ne ko man shanu. Za a ƙwace, ana iya cin ka tara. Garin kunu da dabino da yaji sun isa. In kuɗin da ke hannunka ya kai Yuro 10,000 dole ka bayyana a kwastan. Tambayi bankinka iyakar abin da katinka zai iya kashewa a waje, ka kuma riƙe 'yan Yuro tsaba.

Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, ba irin namu mai ƙafa uku ba, don haka ɗan Najeriya da ɗan Ghana su sayi adafta, ɗan Nijar kuwa cajarsa za ta shiga yadda take. Ɗauki rigar sanyi da 'yar lema, garin akwai yayyafi ba sallama. Takalmi mai taushi ya fi mai kyau. Kaftani da hula ba su hana komai ba, hasali ma sun sa mutane suna tuna ni, sai dai a sa wata riga mai ɗumi a ciki. Katin suna guda hamsin ya isa.

Isa da masauki

Daga Kano ko Abuja za ka yada zango a wani wuri, Alƙahira ko Addis Ababa ko Istanbul. Ka isa kwana ɗaya kafin a fara. Daga filin jirgin Brussels da ke Zaventem akwai jirgin ƙasa a ƙarƙashin ginin, kimanin minti 20 zuwa tsakiyar gari. Brussels Expo tana unguwar Heysel a arewacin birnin, dab da Atomium, ginin nan mai ƙwallaye tara da aka yi don baje kolin duniya na 1958, tsayinsa mita 102. Layin jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 6 yana kai ka har tashar Heysel, kuma yana bi ta babbar tashar Midi. Don haka ba sai ka nemi otal kusa da zauren ba, inda ɗakuna ke tsada su kuma ƙare da wuri. Duk masaukin da ke kan layi na 6 ya yi. Sunan kowace tasha a rubuce yake da Faransanci da harshen Holan, kada ka ɗauka wurare biyu ne. A tashoshi masu cunkoso ka riƙe jakarka a gaba.

Kwana uku a zaure

Jawabai da yawa ake yi lokaci ɗaya a ɗakuna daban-daban, ba mai iya halartar ko kashi ɗaya cikin goma. Daren da ka isa, buɗe jadawalin ka zaɓi uku kacal a kowace rana, waɗanda suka taɓa tambayoyinka. Jawabin buɗe taro, inda ake nuna sabon zubi, ka je don ka ga alƙiblar da aka dosa, amma ka tuna abin da ake nunawa a dandamali an shirya shi ne da bayanai masu tsabta, ba irin naka da mutum bakwai suka shigar da sukari da suna bakwai ba.

Sauran lokacin na rumfuna ne da mutane. Ma'aikatan kamfanin da ke rubuta manhajar suna wurin, kuma ana iya zama da su. Buɗe littafinka ka nuna hoto, ka ce ga abin da nake so, ga abin da ke faruwa. Matsalar katan ɗinmu wata matashiya ta warware ta cikin minti goma: ashe tun ranar farko aka saita awon kayan ba daidai ba, babu buƙatar rubuta komai sabo. Wani kamfani a gida ya riga ya ba mu farashin "gyara" mai nauyi a kan wannan.

A rumfunan masu sayar da hidima, kowa zai ce maka manhajarsa tana yi. Ka ce a nuna maka yanzu, da misalinka. Sannan ka yi tambayoyin da ba sa so: wannan yana cikin manhajar ne ko sai an rubuta? In an rubuta, wa zai biya gyaransa duk shekara in sabon zubi ya fito? Kuna da abokin ciniki a Afirka ta Yamma da zan iya kira? In abu ya tsaya ranar Asabar da rana, wa zai ɗauki waya? Kuɗin da Yuro ne ko da Naira? Kada ka sa hannu a kan komai a wurin, ko da an ce rangwamen na yau ne kawai. A bayan kowane katin da ka karɓa rubuta kalma biyar kan abin da kuka tattauna, in ba haka ba ranar da ka dawo duk fuskokin za su zama ɗaya.

Mutanen da suka fi yi mini amfani ba masu sayarwa ba ne, masu amfani ne irina. A layin shayi na haɗu da wani mai sarin kaya daga gabashin Afirka wanda direbobinsa ke karɓar kuɗi a hanya kamar namu, kuma a tsaye ya zana mini yadda suke rufe lissafin kowace mota da yamma. In ka ga baƙar fata ko ka ji ana Larabci, yi sallama. Matsalolinku sun fi kama da juna.

Salla: kai matafiyi ne, kana da sauƙin ƙasaru da haɗawa. Alƙibla daga Brussels kudu maso gabas take, ba kamar yadda jikinka ya saba ba, don haka duba waya. Ɗauki 'yar darduma mai naɗewa ka tambayi masu kula da zaure wuri mai shiru. A shekarun nan uku da na ambata Juma'a tana cikin kwanakin taron, sai ka duba masallaci mafi kusa tun daren Alhamis. Babban Masallacin Brussels yana lambun Cinquantenaire, da ɗan nisa daga Heysel, amma unguwannin Laeken da Molenbeek suna da masallatai. Abinci a zaure ka nemi na ganye ko kifi. Da dare ana kiɗa da shaye-shaye, ba dole ka tsaya ba. Gidajen abincin halal na 'yan Maroko da Turkiyya sun cika Molenbeek da Schaerbeek, kuma cin abinci da mutum biyu da ka zaɓa ya fi tsayuwa cikin dubu.

Rana ɗaya taka

Roƙi kwana ɗaya bayan taro, ko da kai za ka biya ɗakin. Mai son ƙwallo, filin wasa na Sarki Baudouin yana nan Heysel, Anderlecht kuma ƙungiyar garin ce. Mai son tarihi ya hau taragon lamba 44 zuwa gidan tarihin Afirka da ke Tervuren, ya ga abin da aka kwaso daga Kwango. Mai kewar gida ya leƙa Matongé, unguwar 'yan Afirka.

Ni tattabaru suka ja ni. Beljiyam ita ce cibiyar tseren tattabaru a duniya, har akwai tseren da ake sakinsu daga Barcelona su dawo gida, tafiyar sama da kilomita 1,000. A Maris na 2019 an sayar da wani namiji mai suna Armando kan Yuro miliyan 1.25, a Nuwamban 2020 kuma wata mace, New Kim, ta kai miliyan 1.6. Na tuna yadda muke ja-in-ja a kasuwa kan ɗari biyar, na yi dariya ni kaɗai. Mai otal ya taimaka mini na gano shagon kayan kiwo a bayan gari, inda na ga yadda suke haɗa abinci daban na lokacin kiwo da na lokacin tashi. Kada ka yi tunanin dawowa da tsuntsu ko ƙwai, dokokin murar tsuntsaye ba wasa ba ne. Zoben ƙafa na sayo da mazubin ruwa mai murfi.

Tsaraba cakulan ce, amma karanta kwalin, wasu akwai giya a cikinsu.

Bayan dawowa

Ranar farko ta gida ce. Kada ka sauka daga jirgi ka wuce ofis. Zauna ka ji abin da ya faru, har da wanda aka ɓoye maka don kada hankalinka ya tashi. Ni an ɓoye mini cewa famfon bayi ya fashe, kuma tattabara ɗaya ta mutu. Yaron ya kwana biyu yana tsoron faɗa. Na ba shi zoben ƙafar ya sa wa sauran da hannunsa.

Cikin mako guda, kafin abin ya huce, rubuta wa mai kamfani shafi ɗaya: ga tambayoyin da na tafi da su, ga amsar kowace, ga abu uku da za mu yi, ga kuɗinsu, ga wanda zai yi. Aika saƙo ga mutum biyar da suka fi amfani cikin katunan nan, ka tuna musu inda kuka haɗu. Sannan koma wurin mai sito da mai karɓar kuɗi da direbobi, kowa ka ba shi amsar tambayarsa, domin su suka aike ka.

Za ka dawo da zumuɗin hawa sabon zubi. Yi haƙuri. Kamfanin yana tallafa wa zubi uku na baya-bayan nan, don haka in naku yana ciki babu abin da ke kora ku. Sabon zubi yakan zo da 'yan kurakuran da ake gyarawa a watannin farko, kuma ƙarin da aka rubuta muku ba lallai ya yi aiki a kansa ba. A kwafi bayananku a wani wuri daban, a gwada a can, mai sito ya yi aikin yini guda a kai, mai lissafi ya rufe wata ɗaya na gwaji ya ga ko alƙaluma sun yi daidai da na gaske. Ranar sauyawa kuma kada ta faɗo ƙarshen wata, ko rufe shekara, ko makonnin kafin azumi lokacin da sito ke cika yana ƙarewa sau biyu a rana. Mu sai bayan ƙaramar salla muka sauya, ranar Lahadi, bayan mun ƙirga kayan sito biyun da hannu mun ajiye kwafin tsohon tsarin a wuri biyu.